Injin dizal na zamani da bodin alminiyam a tsohuwar mota: wanne ya dace da Sakkwato?

Duk wanda ya mallaki tsohuwar mota mai daraja a Sakkwato, ko Peugeot 504 ce da ya gada daga mahaifinsa, ko Mercedes ƙirar W123, ko Land Rover irin wadda malaman gona da na dabbobi ke shiga ƙauyuka da ita a da, wata rana sai ya zauna yana lissafin yadda zai raya ta. A 'yan shekarun nan, hotunan da ake gani a intanet na aikin da masu gyaran tsofaffin motoci ke yi a Ingila da Italiya sun sa shawarwari biyu suna yawo a tsakanin masu sha'awar irin waɗannan motoci: a sauke injin asali a ɗora na dizal na zamani, sannan a cire ƙarfen bodi a ƙera na alminiyam da hannu. Ana yawan ambatar su tare, alhali kowanne da kuɗinsa da ma'aikacinsa da irin ciwon kansa. A ganina, tambayar da ya kamata a auna su da ita ita ce: idan an gama aikin, akwai bakanike da mai walda da kayan gyara a kusa da za su iya riƙe motar har shekara goma masu zuwa?

Inji ya kamata a fara dubawa, domin idan aka yi kuskure a kansa motar takan koma zaman gareji. Abin da ke jan mutane zuwa ga dizal gaskiya ne. Injinsa yana matse iska ƙwarai kafin a fesa masa mai, saboda haka kowace lita tana yin aiki fiye da litar fetur, kuma ƙarfin jansa yana fitowa tun inji bai ɗauki gudu ba, wanda shi ake bukata a cikin yashi ko idan an ɗora kaya. Sai dai lissafin ribar yana son natsuwa. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 mutane da yawa suka fara neman hanyar rage shan fetur, amma dizal ya daɗe ba shi da tallafi, kuma sau da yawa litarsa ta fi ta fetur tsada a gidan mai. Ke nan ribar tana cikin nisan da lita ke kai mutum ne kawai. Mai zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Gusau ko Birnin Kebbi kowane mako zai ga bambanci a aljihunsa, amma wanda ba ya fito da motar sai ranar Juma'a ko ranar ɗaurin aure da wuya ya mayar da kuɗin canjin inji.

Wannan mutum na biyu, abin da ya fi masa shi ne ya gyara injin asali. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har 2006, shekaru masu yawa bayan an daina ƙera ta a Faransa. Saboda haka injinta na fetur mai cc 1,971 da kafireto kusan babu tsohon bakanike a arewacin ƙasar nan da bai taɓa buɗe shi ba, kuma kayansa na hannu ba sa wuyar samu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas. Matsalarsa ita ce shan mai idan kafireto ya tsufa, da kuma jabun kaya da suka cika kasuwa. Duk da haka, mota mai injinta na asali ita ce ke riƙe darajarta a idon mai saye da ya san abin da yake nema.

Wanda kuma tafiyarsa ta yi yawa har dizal ya zama mai ma'ana gare shi, yana da zaɓi tsakanin tsohon dizal mai famfon mai na makanikanci da sabon dizal mai ƙwaƙwalwar lantarki, kuma a nan ne ainihin gardamar take. Tsohon dizal yana da wata falala da ake mantawa da ita: motocin nan da kansu an taɓa fitar da su da shi daga masana'anta. An yi 504 mai injin dizal na cc 2,304 mai ƙarfin doki kusan 70, an kuma yi W123 mai suna 240D mai silinda huɗu da 300D mai silinda biyar. Idan aka samo irin wannan inji tare da akwatin giyarsa da kujerunsa, yana zama a inda aka tanadar masa, ba a yanka ƙarfe, ba a ƙirƙiro komai. Kusa da shi akwai injinan Toyota 3L mai lita 2.8 da 5L mai lita 3.0, waɗanda aka sani a Hiace da Hilux; su ma, kamar injinan asali, a tsaye suke zama, wato daga gaba zuwa baya, suna tura tayoyin baya, kuma masu gyaran famfo da nozul a Sakkwato sun saba da su saboda motocin haya. Irin waɗannan injina ba su bukatar lantarki sai na tashi da na hita da waya ɗaya da ke buɗe mai ko ta kashe inji. Gaskiya ne ba su da saurin ɗaukar gudu, suna da ƙara da girgiza, kuma idan nozul ya gaji suna hayaƙi. Wanda ya saba da santsin injin fetur na 504 zai ji bambancin tun ranar farko.

Sabon dizal kuwa, wanda kanikawa ke kira komon-rel, aikinsa daban ne. Famfo yana tara mai a cikin bututu guda a ƙarƙashin matsi mai tsanani, ƙwaƙwalwar inji kuma ita ke buɗe kowace injekta a lokacin da ta ga ya dace, bisa bayanan da na'urorin ji ke aiko mata. Tsarin ya fara bayyana a ƙananan motoci a 1997, a cikin Alfa Romeo 156, da matsin da ya kai bar 1,350, wato fiye da ninki 500 na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, kuma injinan baya-bayan nan sun haura bar 2,000. Amfaninsa a fili yake. Injin HDi mai lita 2.0 da Peugeot ta sa a 406 daga 1998 yana ba da doki 110 da ƙarfin murɗa na niyuton-mita 250, alhali ya fi tsohon dizal na 504 ƙanƙanta, ya fi shi shiru, ya kuma fi shi tsimin mai. A takarda, babu abin da zai hana mutum ya so shi.

A gareji ne lamarin ke sauyawa. Da farko, injin 406 a gicciye yake zama yana jan tayoyin gaba, ita kuwa 504 injinta a tsaye yake yana tura na baya ta cikin furofela, saboda haka sai an ƙera faranti da zai haɗa shi da wani akwatin giya, an daidaita kuloci, an sake kujerun inji, wani lokaci har da kwanon mai na ƙasa domin kada ya taɓa ƙarfen da ke riƙe ƙafafun gaba. Sannan ƙwaƙwalwar injin ba ta yarda ta yi aiki ita kaɗai. An ɗaure ta da mabuɗin motar da aka ciro ta da kuma wani akwatin lantarki na cikin ɗaki, kuma totur ɗinta ma ta hanyar na'urar ji take karanta shi. Wanda ya sayi inji tsirara daga Kwatano ba tare da wayoyinsa da ƙwaƙwalwarsa da mabuɗinsa ba, ya sayi rabin kaya. Ko an samo su duka, sai an sami mai wayarin da zai zare wayoyin da ba a bukata ba tare da ya ɓata sauran ba, kuma daga ranar motar ta zama wadda ba a gane ciwonta sai da kwamfuta. A cikin birnin Sakkwato ana samun masu wannan na'ura, amma idan fitilar gargaɗi ta kama a hanyar Goronyo ko bayan Tambuwal, sai dai a nemo igiya.

Abin da ya fi damuna game da komon-rel a wannan yanki shi ne mai da ƙura. Ramukan injekta sun yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsu sosai, kuma dizal ɗin da kansa ne ke shafa famfon domin kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Ɗigon ruwa a cikin mai, ko dizal da aka gauraya da kananzir, ko ƙurar da ta shiga ta bakin jarka, suna iya kashe famfo, kuma idan famfo ya fara niƙa kansa garin ƙarfen yana bin bututu ya shiga injektoci duka. Tsohon famfo yakan jure abin da wannan ba zai jure ba, kuma ana iya buɗe shi a gyara. Injinan da aka yi wa Turai a shekarun baya-bayan nan kuma suna zuwa da matatar hayaƙi a salansa da bawul mai mayar da hayaƙi cikin inji, waɗanda aka tsara su don dizal mai ƙarancin sinadarin salfa, kuma sukan toshe idan mai ba shi da kyau ko tafiyar gajeriya ce a cikin gari. Wanda ya dage sai komon-rel, lallai ya ƙara filta ta biyu mai raba ruwa da mai, ya tsaya wa gidan mai ɗaya da ya yarda da shi, ya kuma riƙa duba filtar iska akai-akai daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da hunturu ke cika sararin sama da ƙura.

Akwai ayyukan da ba makawa sai an yi su ko wane irin dizal aka ɗora a motar da aka yi don fetur, kuma su ne masu gyara ke yawan mantawa da su a lissafin farko. Mafi haɗari a cikinsu shi ne birki. Tukunyar da ke tausasa birki tana aiki ne da zuƙar iskar da injin fetur ke yi, injin dizal kuwa ba ya yin wannan zuƙa, don haka dole ya zo da famfonsa na musamman a haɗa shi da tukunyar, in ba haka ba birki zai yi tauri a lokacin da ake matuƙar bukatarsa. Dizal yana bukatar batir babba da kik mai ƙarfi, da bututun mayar da mai zuwa tanki, da wanke tankin tas. Ya fi injin fetur nauyi, saboda haka sifirin da shoka na gaba suna bukatar canji. Ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, don haka idan aka bar giyar baya yadda take, inji zai riƙa kururuwa a kan babban titi. Sai kuma sanyaya inji, wanda a garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu ba a yi masa rowa. Lagireto sabo mai layi da yawa, da fanka mai ƙarfi da murfin da ke tattara mata iska, suna cikin kuɗin aikin tun farko, kuma inji mai turbo yana bukatar wurin da za a sa masa na'urar sanyaya iska a gaba. Injinan Toyota 2L-T da 1KZ an san su da tsagewar kan silinda idan suka yi zafi fiye da kima, kuma wannan kaɗai ya isa mutumin Sakkwato ya yi tunani sosai kafin ya zaɓe su.

Mai Land Rover yana da wata hanya ta tsakiya da ta fi kowacce burge ni. Injin 200Tdi mai lita 2.5, wanda ya fito a Discovery a 1989, da magajinsa 300Tdi na 1994, suna da turbo kuma suna fesa mai kai tsaye cikin silinda, amma a yawancinsu famfon na makanikanci ne, ba ruwansu da kwamfuta. Suna ba da doki sama da 100, alhali tsohon dizal mai lita 2.25 na tsohuwar Land Rover ƙirar Series III bai wuce 62 ba. Amma akwatin giyar Series da sandunan aksil na baya ba a yi su don wannan ƙarfi ba, kuma birkinta na ganga ne a ƙafa huɗu, shi ya sa wasu masu gyara ke cire turbo ɗin da gangan domin su tsira da giya. Injin Td5 da ya biyo baya a 1998 ya shiga sahun masu ƙwaƙwalwa. Haka ma a Mercedes, masu ɗora injin OM606 mai silinda shida a W123 sukan cire famfonsa mai lantarki su sa na tsohon OM603, abin da ke nuna cewa ko a inda kayan aiki suka wadata, masu wannan sana'a suna guje wa lantarki idan sun sami dama.

Batun bodi ya fi sauƙin yanke hukunci, domin hujjoji biyu ake kawowa don alminiyam, rashin nauyi da rashin tsatsa, kuma ana iya auna kowacce. Nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, giram 2.7 a kowane ɗan gutsure mai tsawo da faɗi da kauri santimita ɗaya-ɗaya idan aka kwatanta da giram 7.85 na ƙarfe, amma taurinsa wajen lanƙwasa ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne, don haka dole a yi amfani da falle mai kauri. Murabba'in mita ɗaya na ƙarfe mai kaurin milimita 0.9 yana da nauyin kilo 7, na alminiyam mai kaurin milimita 1.5 kuma kilo 4. Idan aka canza bonet da murfin but da fenda da fatun ƙofofi har suka kai murabba'in mita 6, an rage kilo 18, abin da bai kai rabin buhun simintin Kalambaina ba, a motar da ta kai kimanin kilo 1,200, kuma nauyin da injin dizal ya ƙara zai shanye wannan ragin. Ita kuwa tsatsa, ruwa da gishiri ne abincinta, kuma daminar Sakkwato gajeriya ce. Motar da ta yi rayuwarta a nan takan tsufa ne ta fenti da roba da kujeru saboda rana, ƙarfenta kuwa yana nan. Wadda ta ruɓe a ƙasa galibi daga Legas ta zo, ko daga Turai inda ake zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara.

Ginin motar ma yana iyakance abin da za a iya canzawa. A 504 ƙirar salun da W123, bodin shi ne ƙashin motar, shi ke ɗaukar nauyi da duka, saboda haka rufi da ginshiƙai da gefen baya da daɓen ƙasa ba a taɓa su da alminiyam. Sassan da ake kwancewa da sifana kaɗai za a iya canzawa. Motocin da suka yi suna da bodin alminiyam na hannu, kamar Aston Martin DB4 ta 1958 da aka gina bisa tsarin Superleggera na kamfanin Touring da ke Milan, tun daga zane aka yi musu firam na siraran bututun ƙarfe aka lulluɓe shi da fallen. Land Rover ce kaɗai a cikin motocinmu uku da alminiyam yake gidansa: tun 1948 aka fito da ita da irin wannan bodi a kan shasi na ƙarfe, saboda ƙarancin ƙarfe a Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yawancin fallayenta a miƙe suke, ana lanƙwasa su a haɗa da ribit. Ƙera mata sabon gefe ko murfin baya aiki ne da maƙeri mai haƙuri zai iya, kuma mayar da ita asalinta ne.

Sana'ar hannun ita ce babbar tangarɗa. Masu buga bodi a garuruwanmu gwanaye ne a kan ƙarfe. Da guduma da walda ta kabaid suna mayar da fendar da ta murƙushe kamar ba a taɓa buge ta ba. Alminiyam yana da wata ɗabi'a. Yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗi mai walda ba, alhali siririyar fatar da ke rufe fuskarsa ba ta narkewa sai sama da digiri 2,000, don haka wanda bai saba ba sai kawai ya ga rami. Waldarsa mai kyau tana bukatar injin TIG da iskar agon da wuta tsayayya, ko kuma gwanin walda ta gas mai amfani da garin da ke cinye wannan fata. Idan ana bugunsa yana taurarewa, sai an riƙa gasa shi ana tausasa shi, in ba haka ba ya tsage. Lanƙwasa mai tudu kamar ta fendar Mercedes tana bukatar samfuri na katako da na'ura mai gargare biyu da ake murza falle a tsakaninsu, kuma aikin makonni ne. Fallen ma sai an zaɓa: irin masu lamba 3003 da 5052 ake amfani da su, kwanon rufin gida ya yi siriri, alminiyam ɗin da masu zubin tukwane ke narkawa kuma ba ya buguwa.

Ko an ƙera shi da kyau, inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe akwai rigima. Idan laima ta shiga tsakaninsu, alminiyam ne ke cinyewa ya zama farin gari, kuma duk wanda ya duba ƙasan ƙofar tsohuwar Land Rover, inda falle ya naɗe firam na ƙarfe, ya ga wannan. Wankin mota na kullum ya isa ya samar da laimar. Dole a raba su da fenti da manne ko roba, a kuma lura da irin noti da ribit da aka sa. Zafi ma yana buɗa alminiyam kusan ninki biyu na yadda yake buɗa ƙarfe: falle mai tsawon mita ɗaya idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40 zai miƙe da kusan milimita 0.9, ƙarfe kuwa kusan 0.5, kuma wannan ɗan bambanci da ake maimaitawa kowace rana a ranar Sakkwato shi ke tsaga fila da fenti a mahaɗa. Fentin ma ba ya kama shi sai an fara shafa na musamman mai cin fuskar falle. Saboda haka, ga mai 504 ko W123, fenda ko bonet na hannu mai lafiya daga Ƙofar Ruwa, ko facin ƙarfe da gwani ya yi, ya fi arha, ya fi dacewa, kuma idan aka sake gogar motar a kasuwa kowane gareji zai gyara. Alminiyam na hannu zai yi ma'ana ne kawai idan sashen ya ɓace daga kasuwa baki ɗaya, ko kuma mai motar ya san sha'awa ce yake biya wa kuɗi.

Duk zaɓin da aka yi, takardu suna cikin aikin. Lambar inji tana rubuce a takardun mota, don haka a karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin daga wanda ya sayar, a je ofishin lasisi da na jami'an duba lafiyar motoci a gyara bayanin, a kuma sanar da kamfanin inshora, musamman ga mai bin hanyar Illela inda shingayen bincike suke da yawa. Injin asali da kafiretonsa da fallayen da aka cire kuma kada a bai wa 'yan gwangwan. A zuba wa injin mai a cikin silinda, a toshe ramukansa, a ajiye shi a inuwa a kan katako, kuma a roƙi bakanike ya ƙera sababbin kujerun inji yadda za a ɗaure su da noti ba tare da an yanke na asali ba, domin mai saye na gaba, ko ɗan da zai gaji motar, yana iya son mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta.